Wa Ke Ɗaukar Nauyin Jinyar Tsoho a Kankiya da Kusada?

A babban asibitin Kankiya, kamar kowane asibiti a ƙasar nan, akwai ranar da likita zai rubuta sallama alhali maras lafiya bai miƙe ba. Aikin asibiti ne ya zo ƙarshe: an saukar da jini, an daidaita suga, an ɗaure karaya, abin da ya rage kuma ya fi ƙarfin allura. Wataƙila tsoho ne da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko tsohuwa da santsi ya kwashe a makewayi ƙugu ya karye, ko wanda gigin tsufa ya kai shi har ba ya shaida 'ya'yansa. Daga ranar yana bukatar mai ɗaga shi, mai yi masa wanka da tsarki, mai ba shi abinci a baki, mai juya shi cikin dare. Irin wannan jinya kan ɗauki wata shida, kan kuma ɗauki shekara bakwai. A nan ne 'ya'ya ke zama a zaure ana lissafi, kuma ba a rasa wanda zai ce: shin gwamnati ba ta da wani wuri, ko wani tallafi, na irin wannan lalura?

Amsar ba ta da daɗi, amma gara a faɗe ta a fili. A Najeriya babu wani tsari da ya ba ɗan ƙasa haƙƙin a kwantar da mahaifinsa a gidan jinya gwamnati ta biya. Babu fom ɗin da za a cike a sakatariyar Kankiya ko ta Kusada, babu ma'aunin da za a auna tsoho a ce ya cancanta. Abin da ake da shi nan da can shi ne gidan gajiyayyu, irin na Shahuci a Kano ko na Yaba a Legas, kuma waɗannan an yi su ne domin wanda ya rasa kowa. Shiga cikinsu shaida ce ta rashin gata. Gidan jinyar tsofaffi kuwa wani abu ne daban, wuri ne mai ma'aikatan jinya dare da rana, inda mai 'ya'ya goma ma zai iya kwanciya saboda ciwonsa ya fi ƙarfin gida. Masu zaman kansu sun buɗe irinsa a Legas da Abuja, da kuɗin da manomin Rimaye ko na Yashe ba zai ko tambaya ba.

A takarda kam ba a manta da tsoho ba. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin abubuwan da gwamnati za ta dosa domin kowane ɗan ƙasa. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi, don haka ba wanda zai kai ƙara a kansa ya ci. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 cibiyar ta fara aiki ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, a shekarar ce kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Aikin cibiyar tsare-tsare ne da horarwa da wayar da kai. Ba ta biya wa kowa gado, ba ta biyan mai jinya.

Akwai wani layi da ba a cika karantawa ba, kuma shi ya fi kusa da mu. Jadawali na huɗu na tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa kafa gidajen gajiyayyu da raunana da kula da su a wuyan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabarta. Wato wanda doka ta fara kira da suna a wannan batu ba ya Abuja, yana sakatariyar da ke cikin garinmu. Shekara da shekaru uzurin shi ne kuɗin ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Aiki da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma ya ba talaka hujjar da zai tsaya a kanta ya yi tambaya.

Masu 'yan uwa a Turai kan dawo da labarin cewa a can gwamnati ce ke riƙe tsofaffi. Labarin rabi ne. A Ingila, asibiti kyauta ne amma gidan jinya ba kyauta ba ne. Ƙaramar hukuma kan yi awo biyu: ta auna lalurar jiki, sannan ta auna aljihu. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma a lissafin ana iya saka gidan da yake ciki idan ba matarsa ko mijinta a cikinsa. Tun 2010 adadin yake a haka bai motsa ba, shi ya sa iyalai da yawa ke sayar da gidan gado su biya jinya. A Amurka ma shirin da ke biyan doguwar jinya na talakawa ne, a yawancin jihohi sai abin hannun mutum ya sauko zuwa wajen dala 2,000, kuma ana bin diddigin abin da ya kyautar shekara biyar baya, kada ya raba wa 'ya'ya dukiya ya zo a matsayin matalauci.

Jamus ce ta fi ba ni sha'awa, domin tsarinta ya fi kama da halinmu. A 1995 ta kafa inshorar jinya, ana cire wani kaso daga albashi. Idan lalura ta zo, ma'aikacin lafiya zai je har gida ya ga abin da mutum ke iya yi wa kansa da wanda ba ya iyawa, a sa shi a ɗaya daga matakai biyar. Daga nan iyali ke zaɓa: ko a biya wani ɓangare na kuɗin gidan jinya, ko a turo ma'aikata gida, ko a ba da kuɗi a hannu duk wata idan 'yan uwa ne ke jinyar. Sama da kashi 80 cikin ɗari na masu bukatar jinya a Jamus a gida suke. Ƙasa mai wannan arziki ta gane cewa gida ne babban ɗakin jinya, sai ta aika kuɗin can.

Kada a ce wannan sai Turawa. Lesoto, ƙasar da ba ta kai Jihar Katsina yawan jama'a ba, tun 2004 take biyan fanshon tsufa ga 'yan shekara 70. Zanzibar ta fara a 2016, Kenya a 2018. A gida ma Jihar Ekiti ta gwada a 2011 zamanin Kayode Fayemi, naira 5,000 duk wata ga matalautan tsofaffi 'yan 65 zuwa sama. Matsalar irin wannan shiri a ƙasarmu ita ce yakan zauna ya tashi da gwamnan da ya kawo shi.

To me iyalin Kafin Soli ko Mawashi za su iya nema yau, da hakkinsu?

Abu na farko shi ne inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wajen rabin kuɗin na tafiya ne ga saya wa talakawa magani ta hanyar inshora. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 kuma ta ambaci tsofaffi da suna cikin rukunin raunana, tare da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, masu nakasa da matalauta. A Katsina hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, wadda aka kafa zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ita ke yi wa mutane rajista, a haɗa kowa da asibitin matakin farko na mazaɓarsa. Wanda ya samu shiga, ana duba shi a ba shi maganin da ke cikin tsarin ba tare da ya biya ba, idan abin ya fi ƙarfin wurin a tura shi babban asibiti. Guraben ba su kai yawan mabukata ba, kuma ana neman lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Duk mai tsoho a gida ya yi masa katin NIN tun yana iya hawa mashin, domin kai shanyayye wurin ɗaukar hoto da yatsa wahala ce da ba ta kamata ba. A je asibitin mazaɓa a tambayi mai kula da shi ko ana rajista, a tambayi shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, a sanar da dagaci. Katin inshorar na iya ɗauke wa mutum kuɗin maganin hawan jini da na suga, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun jama'a yake fita. Amma katin asibiti ne. Ba ya sayen kunzugun manya, ba ya sayen katifa, ba ya biyan wadda ta bar sana'arta ta zauna jinya.

Na biyu fansho ne, kuma na tsirarun mutane ne: tsohon malamin firamare, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, tsohon soja ko ɗan sanda. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10. Wanda ya ƙare rayuwarsa a gonar gero da dawa da wake, ko wadda ta yi shekara arba'in tana ƙuli-ƙuli da daddawa, ba wanda ya ɗauke su aiki balle ya zuba musu. A 2019 an ɓullo da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, amma na mai sauran ƙarfi ne da zai tara, bai amfani wanda ya riga ya kwanta ba. A ƙidayar 2006 Kankiya na da mutum sama da 150,000, Kusada kusan 100,000, yau kuwa sun fi haka nesa. A faɗin ƙasa 'yan shekara 60 zuwa sama sun kai wajen kashi 5 cikin ɗari. Ko da wannan ma'auni aka ɗauka, ana maganar dubban tsofaffi a ƙananan hukumomin nan biyu, kuma mafi yawansu ba su taɓa karɓar albashi ba.

Na uku shi ne abin da addini ya tanada, kuma a nan ana yawan ruɗewa. A mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'yan da ke da hali, maza da mata, gwargwadon wadatar kowa. Alƙali na iya tilasta shi, ko da yake da wuya ka ga uba Bahaushe ya kai ɗansa kotu a kan tuwo. Saboda wannan wajibci ne ɗa ba zai ba mahaifinsa zakkarsa ba. Amma zakkar maƙwabci ta halatta ga tsohon da 'ya'yansa suka gaza, kuma gwaggo ko inna da ba ta haihu ba tana cikin waɗanda suka fi cancanta. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar zakka da waƙafi ta jiha. A ganina waƙafi ya fi dacewa da jinya. Zakkar hatsi da kaka take zuwa sau ɗaya, jinya kuwa kullum ce. Shago guda a bakin titin Kano zuwa Katsina, a Kankiya ko Gidan Mutum Ɗaya, idan aka tsayar da hayarsa ga wannan aiki, zai yi ta sayen sabulu da safar hannu da robar fitsari bayan mai shi ya daɗe a ƙasa.

Idan aka cire waɗannan ukun, sauran nauyin gaba ɗaya yana kan gida. Idan kuma aka ce gida, a faɗi gaskiya, ana nufin mace. Maza kan yi karo-karo, na Kano ya turo, na Abuja ya turo, wanda ke ci-rani a kudu ya turo abin da ya samu. Mai wanke zanen gado da asuba kuwa ita ce matar ɗan da ya zauna a gida, ko ɗiyar da aka yi wa saki ta dawo, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta har Kaka ta samu sauƙi. Wannan ta ukun ita ta fi damuna, domin sauƙin ba ya zuwa, zangon karatu kuma ba ya jira. Ba wanda ya koya wa waɗannan mata yadda ake ɗaga babban mutum ba a karya baya ba. Ba wanda ya gaya musu cewa wanda ba ya motsi ana juya shi wajen kowace awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta dunduniya ta mutu ta zama gyambon kwanciya, gyambon da kan kashe mutum bayan ciwon farko ya ƙyale shi. Ba a gaya musu cewa shanyayye ana zaunar da shi sosai kafin a ba shi kunu, domin idan ya sarƙe ya bi hanyar numfashi ciwon huhu ne. Ba a gaya musu cewa tsohuwar da ke zagi tana cewa an sace mata kuɗi ciwon ƙwaƙwalwa ne ke damunta, ba mugunta ba ce, ba kuma maita ba. Suna koyo ne da kuskure, a jikin wanda suke ƙauna.

Muna alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, kuma alfaharin na kan hanya. Neman albarkar iyaye shi ya riƙe mana abin da wasu ƙasashe ke kashe biliyoyi a kansa. Amma gidan da ya ɗauki wannan nauyi a da gidan gandu ne, mai rumbu ɗaya da hannaye ashirin, facaloli na karɓa-karɓa, ba wadda jinya za ta faɗa wa ita kaɗai. Gandu ya watse, gonaki sun tsattsage da gado, samari sun tafi birni. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano ya zama abin da ake shawara a kansa kafin a tashi. Rashin tsaro kuma ya taso da iyalai daga ƙauyukansu zuwa cikin garuruwa, tsoho ya tsinci kansa a ɗakin aro. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ga wanda ma yake da albashin. Gwamnati ta jingina da al'adarmu kamar yadda ake jingina da tsohuwar katanga, ba ta taɓa yi mata yaɓe ba.

Shi ya sa ba na ganin gina katafaren gidan tsofaffi shi ne abin da Kankiya da Kusada suka fi bukata. Mutanenmu ba za su kai iyayensu ba, ginin zai cinye kuɗi ya zauna wayam. Kuɗin ya bi tsoho inda yake kwance. Kuma muna da abin da wasu wurare ba su da shi: makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, da yawansu na zaune ba aiki. Asalin aikin da aka horar da su a kai ya haɗa da shiga gida-gida. Da kowace mazaɓa za ta samu mutum biyu, mace da namiji, waɗanda aikinsu kawai zagayen kwantattu ne, su auna jini, su duba fata, su sauya roba, su koya wa mai jinya aiki, su motsa gaɓoɓin da suka sandare, da an rage gyambo da dawowa asibiti da yawa. A haɗa da kayan aro, keken guragu da sandar dogarawa da katifa mai leda, wanda idan an gama da shi a wannan gida ya wuce na gaba. Sai ɗan kuɗi duk wata, ko kaɗan ne, da sunan mai jinyar kanta, a hannunta.

Batun wa ya cancanta shi ne inda irin wannan shiri ke mutuwa, don haka a nan ya kamata a fi tsayawa. Shekaru kaɗai ba ma'auni ba ne. Dokar cibiyar dattawa ta ɗauki 70, manufar ƙasa ta ɗauki 60, tsofaffinmu kuwa mafi yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun da ke katinsu kirdado ne. Akwai ɗan tamanin da ke zuwa gona, akwai ɗan hamsin da takwas da ba ya iya ɗaga cokali. A auna lalura, yadda Jamus ke yi, da tambayoyin da kowa zai gane: yana iya tashi da kansa? Yana iya zuwa makewayi? Yana iya ci da hannunsa? Yana gane mutane? Ma'aikacin lafiya ya cike, ba ɗan siyasa ba. Sannan a duba ko yana da mai ɗauke masa, a nan mai unguwa da limami sun fi kowace kwamfuta sani. Abin da bai kamata a kwaikwayo daga Ingila ba shi ne saka gida da gona a lissafi. Gonar tsoho ita ke ciyar da masu jinyarsa, idan aka ce sai ya sayar kafin a taimake shi an ƙara yawan mabukata. A rubuta sharuɗɗan da Hausa da ajami a manna a ƙofar kowane asibitin mazaɓa, a karanta a masallacin Juma'a, a kuma faɗi inda wanda aka hana zai kai kuka. Sunayen masu karɓa kuwa a bar su a littafi, mutuncin dattijo ya fi ƙarfin a manna shi a bango. Mun ga yadda rabon tallafi ke komawa na 'yan jam'iyya idan ba a san ƙa'idarsa ba, tun daga naira 5,000 ta zamanin Buhari har zuwa 25,000 da aka sanar a 2023, kullum kukan ɗaya ne: wa ya rubuta sunayen?

Duk da haka akwai waɗanda gida ba zai iya ba, kuma kunya ba ta isa ta sa mu ɓoye su ba. Akwai tsohuwar da ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, 'ya'yan kishiya sun raba gida. Akwai wanda gigin tsufa ke fitar da shi tsakar dare ya nufi titi. Akwai mai jinyar da ita ma ta kwanta, ko haihuwa ta zo mata. Waɗannan suna bukatar gado da ma'aikaci, wasu na sati biyu har gida ya numfasa, wasu har ƙarshen rayuwa. Ɗaki biyu a jikin babban asibitin Kankiya, na maza da na mata, wanda ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da Ingawa za su haɗa hannu su riƙe, tun da dama mazaɓar tarayya ɗaya suke, ya isa a fara. Wannan shi ne ainihin aikin da jadawali na huɗu ya ɗora musu. Kowace shekara ƙaramar hukuma na tsara kasafinta, kansiloli na zama a kansa, kuma kowane kansila yana da mazaɓar da ya san kwantattunta gida-gida. A zaman kasafi mai zuwa ƙungiyoyin ci gaban gari da limamai da 'yan fansho su nemi a nuna musu layin da aka ware wa raunana, da adadin da ke cikinsa, da sunan ofishin da zai kashe shi.